Buhun Masara Bai Sayen Na Taki: Musayar Baitoci

Manomin Saminaka:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya same mu a kakar 2025 ya fi ƙarfin hira, shi ya sa na sa shi a baiti. Mai amsa ya amsa, ko ya goyi bayana ko ya ja da ni.

Bismillahi da shi na fara,
Mai rayar da gero da masara,
Shi ke saukar da ruwan bazara,
Ya sa albarka a cikin taki.

Na share gona tun cikin rani,
Na sai iri, na haɗa da magani,
Sai kasuwa ta nuna mini raini,
Ranar da na je tayin taki.

Kamfa ta wuce dubu 40 a buhu,
Yuriya na biye, muka shiga duhu,
Kowa ya taya sai ka ji ihu,
Wasu sun koma gida ba taki.

Masara ba ta san haƙuri ba,
Sati 2 in kamfa ba ta zo ba,
Sati 6 yuriya ba ta bi ba,
Ganye ya ɗashe don rashin taki.

Na sai da akuya, na sai da tunkiya,
Na ranto saura a gun babban Yaya,
Na ce da kaka zan biya ba wuya,
Tunda gonata ta sha taki.

Allah ya ba da, rumbu ya cika,
Muka kai kasuwa farkon kaka,
Farashi ya faɗi, babu shakka,
Buhun masara bai sayen na taki.

An yafe wa masu shigowa haraji,
Kwana 150, aka ce agaji,
Hatsin waje ya iso har na kaji,
Shi kuwa bai sauko ba, kuɗin taki.

Hajiya Mai Kaji, Zariya:

Malam na Saminaka, sannu da ƙoƙari,
Allah ya mayar maka da alheri,
Amma bari in faɗi nawa da sauri,
Ni ma ina da kuka kan kaji.

A 2024 masara ta yi tashi,
Waken suya ya bi ta da farashi,
Na ciyar da masu ƙwai da bashi,
Har na rufe rabin ɗakin kaji.

Rabin abincin kaza masara ce,
Sai suya da dusa in an dace,
In ɗaya ya hau, riba ta kauce,
Ƙwai ba ya biyan cin kaji.

Da ta sauko, wallahi na ji daɗi,
Ba zan ɓoye ba, gaskiya zan faɗi,
Sai dai buhun abinci na nan da kuɗi,
Sauƙi kaɗan ne ya iso kaji.

Sinadarin haɗi sai da dala,
Rigakafi ma haka, ga wahala,
Dizal na niƙa ya shiga jimla,
Duk a wuyan mai kiwon kaji.

Abin da nake tsoro tun bana,
In kuka yi fushi kuka bar gona,
Baɗi wa zan je wa da kwanona,
In auno tsabar da zan ba kaji?

Ɗan Birni, Fagge:

Ni yaro ne a cikinku, amma akwai ɓangaren da ba ku taɓo ba.

Baba da Hajiya, ku yi mini haƙuri,
Ni ɗanku ne, ina zaune a gari,
Ba ni da gona, ba ni da jari,
Amma na san zafin yunwa.

A 2024 mun ga tashin hankali,
Tiya ta gagari mai iyali,
Afafata muka ci, ku dubi hali,
Abincin kifi ya zam maganin yunwa.

Ran 1 ga Agusta matasa sun fito,
Kano da Kaduna, ana neman ceto,
An rasa rayuka ba zato,
Duk a kan tsada da yunwa.

To gwamnati in ta buɗe ƙofa,
Aka shigo da masara da shinkafa,
Yara suka ci, suka miƙe ƙafa,
Ina laifin mai korar yunwa?

Manomin Saminaka:

Ɗana, ban ce ka kwan ba ci ba,
Ban yi murna da tsadar tiya ba,
Tambayata ɗaya ba ka amsa ba:
Don me sauƙin bai biyo ta taki?

Da sauƙin ya faro daga tushe,
Da ni da kai mun ci riba a ƙarshe,
Yanzu jarin manomi aka rushe,
Da me zai koma sayen taki?

Tsohon Malamin Gona, Funtuwa:

Na yi aikin malamin gona har na ajiye. Wannan ciwo ya girmi gwamnatin yau, ko da yake ita ma ta ƙara nata a kai. Ni ƙwar biyu na iya, ku biyo ni a hankali.

Ku saurara 'ya'yana in ba ku tarihi,
Na ga tsare-tsare da yawa a Najeriya.

A Maputo, 2003, shugabannin Afirka sun sa hannu,
Kashi 10 na kasafi ga noma, ba jayayya.

Shekaru sun haura 20 ba a cika ba,
Alkawarin na takarda, an bar shi a baya.

A 2012, zamanin ministan noma Adesina,
Saƙon taki ya riƙa zuwa ta waya.

Buhu 2 a rabin kuɗi, kai da kanka,
Ka nuna saƙo, dila ya miƙo kaya.

Akwai gyara a cikinsa, amma ya shiga ƙauye,
Da mulki ya sauya aka yar da shi a hanya.

A 2015, Birnin Kebbi, bashin noma na Anchor Borrowers,
Wasu sun noma, sun biya bisa gaskiya.

Wasu ko gona ba su da ita, sun karɓa,
Suna a takarda, suka kwashe dukiya.

An jera dalar shinkafa a Abuja, 2022,
Farashi a kasuwa bai sauko ba ko ɗaya.

A ƙarshen 2016 aka ƙulla da Maroko,
Fosfat daga can, a haɗa da tamu yuriya.

Naira 5,500 aka yanke wa buhu,
Manomi ya numfasa, ya ɗan ji lafiya.

Sai ga yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke,
Fotash ya yi wuya, taki ya hau a duniya.

Ran 29 ga Mayu, 2023, tallafin mai ya tafi,
Aka saki naira, dala ta yi tafiya.

Mai injin ban-ruwa a Kura da Bakolori,
Kuɗin fetur kaɗai ya ɗaure masa wuya.

A Yulin shekarar aka sa dokar ta-ɓaci,
A kan abinci, muka saurara da zuciya ɗaya.

A Maris 2024 Babban Banki ya ba da taki,
Buhu miliyan 2 har da ɗoriya.

Kowa ya tambayi ƙauyensu wa ya samu,
Ni na bar muku wannan, ku bincika ku jiya.

Ga iskar gas a ƙasarmu, ga masana'antu,
Lekki da Eleme suna sarrafa yuriya.

Jiragen ruwa na ɗauka har Barazil,
Manomin Bakori na awonta a tiya.

Takin tallafi kuma in ya ga damar zuwa,
Sai masara ta yi goyo, an gama shan wuya.

Kowace gwamnati da sabon suna take zuwa,
Ba mai ɗorawa a kan ginin na jiya.

Mai Kiwo daga Maraɗi:

Gaisuwa daga Maraɗi, 'yan uwa,
Iyaka ba ta hana tsada wucewa,
Dusa da harawa sun yi hawa,
Bisa na ramewa, haka ma gona.

Da anka rufe hanya a 2023,
Dusar da ke zo mana daga gare ku,
Da takin da ke bi ta Jibiya taku,
Sunka yanke wa garke da gona.

Ga dabarar da munka koya,
Marfin kwalba na taki, gindi ɗaya,
A binne shi, ba a watsa shi a hanya,
Buhu guda sai ya zagaye gona.

Mun daina tone kututture da rani,
Shi muke kira sassaben zamani,
Gawo ya tsaya, ya yi amfani,
'Ya'yansa ga bisa, ganyen ga gona.

Manomin Saminaka:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya tuna mana abin da muka fara mantawa. Ni ma na karɓi takin waya a lokacinsa.

Na gode ɗan'uwana na Maraɗi,
Shawararka ta yi mini daɗi,
Gero kan yi da ƙaramin kuɗi,
Masara kuwa sai ta ƙoshi da taki.

Na yanke shawara, na gaya wa iyali,
Baɗi waken suya zai ci rabin fili,
Ba ya neman yuriya, ga dalili:
Saiwarsa da kanta take yin taki.

Sauran in raba wa dawa da wake,
Masarar cin gida kawai zan sake,
Maƙwabtana ma haka shirinsu yake,
Ba mai ƙara cin bashi don taki.

Ɗan Birni, Fagge:

Baba, wannan magana ta tsorata ni,
In duk kun rage, me za mu gani?
Waken suya ba ya tuwo a birni,
Baɗi ke nan a dawo da yunwa.

Na yarda a sauko da taki tukuna,
Amma masu ɓoye hatsi fa, Babana?
Su saye da arha tun daga gona,
Su kulle sito suna jiran yunwa.

Tsohon Malamin Gona, Funtuwa:

Ɗana, mai sito yana cin kasuwarsa ne,
Don an bar manomi da kaka ba kariya.

Bashi na wuyansa, ga kuɗin makaranta,
Dole ya sayar ko nawa aka taya.

Da gwamnati na saye a farashi sananne,
Ta zuba a rumbunanta na tarayya,

Ta fitar da bazara in tiya ta tashi,
Da manomi da ɗan birni sun sha inuwa ɗaya.

Taki ya iso a Afrilu, kafin ruwan shuka,
Da sunan mai gona, ba ta hannun ɗan jam'iyya.

In za a shigo da hatsi, a faɗa kafin huɗa,
Kowa ya san me zai shuka a kan kunya.

Hajiya Mai Kaji, Zariya:

Malam ya faɗi abin da ya kamata a yi, Allah ya sa a ji. Amma damina ba za ta jira su ba, don haka ga tawa, kuma da gaske nake. Kashin kaji yana da zafi, sai an bar shi ya huce an baza shi kafin huɗa, in ba haka ba ya ƙone shuka.

Malam na Saminaka, kafin su farka,
Kar ka bar masara, ina roƙonka,
Ina da kashin kaji, zan tara maka,
Ka biya ni da tsaba in ba kaji.

Sai dai ka sani shi ma ya yi daraja,
Masu lambun Kadawa da Haɗeja,
Tun ba a share ba suke ja-in-ja,
A kan buhun sharar ɗakin kaji.

Ka aiko da buhunanka tun da sanyi,
Kafin masu albasa su yi layi,
A farashin kaka za mu yi tayi,
Buhu nawa kake so na kashin kaji?