Thérapie photothermique: wane suna za mu ba ta da Hausa?

'Yan'uwa masu fassara labaran lafiya a Garwa da Marwa da Injamena, na karanta shawarwarinku kan sunan Hausa da za mu ba thérapie photothermique, wato hanyar kashe ƙarin ciwon daji da zafin haske, ga inda na tsaya.

Mu fara da yadda aikin yake. Ana ɗura wa majiyyaci wani ɓurɓushin ƙarfe ta jijiya, galibi zinariya. Irin wanda Naomi Halas da Jennifer West suka yi aiki a kai a Jami'ar Rice ta Amurka, faɗin kowane ɗaya kusan nanomita 150 ne, cikinsa silika (sinadarin da ke cikin yashi), bayansa zinariya. Silin gashi ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suna yoyo, shi ya sa ɓurɓushin ke taruwa a nan. Sai likita ya kai hasken leza wurin, hasken da ke gaba da ja kaɗan, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa nama. Ɗora tocila a tafin hannunka da dare, jan ne kawai zai ɓullo ta baya. Zinariyar ta sha hasken, ta ɗau zafi, ta kashe naman ƙarin, na kewaye kuma ya tsira.

A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin da likitocin asibitin Mount Sinai na New York suka jagoranta a kan maza 16 masu sankarar furostat, wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji. Cikin 15 da aka kammala wa aikin, 13 ba a ga ciwon a wurin da aka gasa ba bayan shekara guda. Har yanzu gwaji ne, ku riƙa faɗin haka duk lokacin da kuka ambace shi.

Malam na Kusseri ya kawo "sakiyar haske". Malam, sunan ya yi daɗi a baki, amma ina tsoronsa ƙwarai. Sakiya aikin wanzami ce, kibiya a wuta, a huda kumburi. Matar da ke da ƙulli a nono ta ji an ce Turawa ma sakiya suke yi wa daji, gobe gidan wanzami za ta nufa, ba asibiti ba. Wannan alhakin ba zan ɗauka ba.

Ni "gashin haske" na zaɓa. Mutanenmu sun saba da gashi a bakin likita, sun san zafi ne da ake aunawa, ba ƙuna ba. Kuma bai ɗaure mu da zinariya ba, tunda ana gwada azurfa da wasu ƙarafan.

Nanoparticules, sunan wancan ɓurɓushin a Faransanci, ta fi ba ni wuya. "Zarra" ta riga ta tafi ga atom. Yaya ta Marwa ta ce "ƙwayoyin nano", to amma a unguwanninmu in ka ce ƙwaya, tiramol yara ke ji. "Garin zinariya" kuwa zai sa wani ya zaci ɗan kunne ake niƙawa a sha. Na fi son "ƙurar nano", a bar nano yadda take domin a gane abin ɗakin bincike ne.

Jimlar za ta zama: gashin haske da ƙurar nano ta zinariya.

Saura abu ɗaya. A Najeriya wasu na ce wa radiothérapie, wato maganin daji da haske mai ƙarfi irin na X-ray, gashi, ita ma kuma wani nau'in haske ce. Ma'aikatan jinya na Ngaundere da Injamena, me majiyyata ke kiranta a wajenku? In gashi suke cewa, sai mu mayar da namu "gashin leza".