Neman sunan "enthesis" da Hausa: ni dai "makamar agara" na zaɓa

1/ Malaman Hausa da likitocinmu, ga wata kalma da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: enthesis. Ita ce daidai wurin da agara ta kama ƙashi. Shafa bayan diddigenka har inda agarar ta ƙare, to nan ne. Idan wurin ya kumbura likitoci su ce enthesitis, kuma babbar alama ce ta wasu nau'o'in amosanin gaɓɓai, irin wanda ke sandarar da ƙashin baya da irin mai zuwa tare da cutar fata ta soriyasis.

2/ Na sha jin ana cewa "kumburin jijiya". Wannan bai yi ba. Jijiya a bakinmu ta ɗauki ta jini, ta ɗauki mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, ta ɗauki agara. Ka faɗa wa mara lafiya haka, sai ya tafi gida yana tsoron shanyewar jiki.

3/ "Mahaɗar agara" ta fi kusa, amma kowa ya ji mahaɗa gaɓa zai tuna, alhali duk abin da ake son nunawa shi ne ciwon ba daga cikin gaɓa ya faro ba. "Tushen agara" ma na auna, sai na ga kamar ana cewa daga ƙashi ta tsiro.

4/ Abin da ya yanke mini hukunci binciken ɓeraye ne. Da wuya a yanko wannan wuri daga jikin mutum mai rai don a duba shi, shi ya sa yawancin abin da aka sani daga dabbobi ya fito. A 1990 masu bincike a Amurka suka saka wa ɓeraye ƙwayar halittar ɗan Adam ta HLA-B27, suka kamu da kumburin gaɓɓai da na hanji. A 2012 aka nuna cewa sinadarin garkuwar jiki mai suna IL-23, idan ya yi yawa, yana kunna wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a wannan wurin, kumburi ya tashi.

5/ Amma gwajin da ya fi tsaya mini a rai na 2014 ne, a Beljiyam. Akwai wasu ɓeraye da jikinsu ke fitar da sinadarin kumburi mai suna TNF fiye da ƙima, kuma kumburinsu daga agarar diddige yake farawa. Sai aka ɗage ƙafafunsu na baya ta yadda ba sa taka ƙasa, ba sa ɗaukar nauyi. Kumburin ya ragu sosai. Wato ja da nauyi suna cikin asalin ciwon. Wurin riƙo ne mai shan ja kullum, har da ɗan guringuntsi a tsakani don rage ƙarfin jan.

6/ To wurin riƙo da Hausa ai makama ne. Makama ita ke jin nauyin abin da aka ɗauka, ita ce kuma ke fara gajiya. Saboda haka: enthesis, makamar agara, enthesitis, kumburin makamar agara.

Na san akwai gyara. Likitoci suna kiran wurin da jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ta riƙe ƙashi da wannan suna ɗaya, ita kuwa ba agara ba ce. A nan sai a ce "makamar ƙashi" idan ana nufin duka biyun.

7/ Saura su ɓerayen. "Dabbar gwaji" na kai tunani ga zakaran gwajin dafi, wanda ake gwada abu a kansa kawai. Waɗannan kuwa cutar ce aka kwaikwaya a jikinsu, kuma kowanne ɓangare ɗaya yake nunawa. Tsofaffin mazan wani nau'in ɓeraye mai suna DBA/1, alal misali, sabon ƙashi ne ke tsiro musu a makama har gaɓar ta sandare. Ni "dabbar kwatance" nake kiransu. Malamai, wanda ya san sunan da mahauta ko masu ɗori ke kiran wannan wuri, don Allah ya faɗa mana.