Neman kalma: "intabiyu" da "algoridim" a jagorar masu neman aikin manhaja

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara jagora ga ɗalibai masu neman aikin injiniyan manhaja a kamfanonin fasaha, ranar Alhamis zan miƙa. Kalmomi biyu sun tsaya mini: intabiyu, wato zaman nan na minti 45 da ake ba mutum matsala ya rubuta kod (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) a gaban mai tantancewa, sai kuma algoridim, wato jerin matakan da ake bi a warware matsala. Na sa "jarrabawar baka" a ta farko, amma raina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malama, cire jarrabawa. Duk wanda ya ji jarrabawa zai shiga ya kama bakinsa, a nan kuwa shirun ne yake kayar da mutum. A ce an ba shi jerin lambobi, ya nemo biyu da jimillarsu ta ba da 100. Da farko ya tambaya: jerin a tsare yake? Lamba na iya maimaituwa? Sannan ya faɗi hanya mai sauƙi, a gwada kowace lamba da kowace, ya kuma faɗi aibinta da bakinsa: lambobi 1,000 za su iya cin gwaji 499,500. Daga nan ya kawo gyara, a bi jerin sau ɗaya ana ajiye abin da aka gani a wani teburin bayanai cikin kod ɗin, kowace lamba a duba ko cikonta yana ciki. Taku 1,000 ke nan. Ƙarshe ya gwada kod ɗinsa da jerin da ba komai a ciki, da jerin da 50 ta zo sau ɗaya tak, don kada ta haɗu da kanta. Mai tantancewa yakan ɗan haska masa hanya in ya maƙale, kuma yana lura ko ya ɗauki hasken. Ni "ganawar gwajin aiki" zan ce.

Mai ɗaukar ma'aikata: Na goyi baya. Amma ki raba matakan: kiran farko na waya "ganawar share fage", gwajin da ake turowa ta HackerRank, shafin intanet na gwada masu rubuta kod, babu mutum a gabanka, "gwaji" kawai. Ganawa sai da ido biyu, ko da ta bidiyo ce.

Malamin Hausa: Ganawa ta yi. Algoridim ce ba zan yarda a bari haka ba. Muna da "daki-daki". A haɗe ta, a mai da ita suna: dakidaki. Jerin matakai ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga amsa, me ya rage?

Injiniya: Allah gafarta Malam, to jam'inta fa? Kuma jimlar da ta fi yawa a irin wannan jagora ita ce "bayyana algoridim ɗinka daki-daki". Za mu ce bayyana dakidakinka daki-daki?

Malamin Hausa: Jam'i ba ya gagara, dakidakai. Abin da yake damuna shi ne da an zo maganar kwamfuta sai mu miƙa wuya, kamar Hausa ta gona da kasuwa ce kawai. Yaro ya tashi yana ganin harshensa ba ya ɗaukar ilimi.

Ɗan jarida: Malam, kalmar ma ba ta Bature ba ce tun asali. Daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ta fito, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, Larabawa kuma khawarizmiyya suke cewa. In aron ne abin kunya, Turanci ya riga mu.

Malamin Hausa: To a aro daga Larabcin mana, kamar yadda muka aro lissafi da ilimi. Hawarizimiya ta fi zama a bakin Bahaushe.

Mai ɗaukar ma'aikata: Ku dubi wanda za a rubuta wa. Zai zauna gaban wanda zai ce masa algoridim, zai yi atisaye a LeetCode, shafin intanet na atisayen rubuta kod, inda ita ce a rubuce. In bai taɓa jin ta ba, daƙiƙun da zai ɓata yana laluben ma'ana daga cikin minti 45 ɗin nan za su fita.

Malamin Hausa: Da wannan hujjar, Hajiya, ba za mu taɓa ƙirƙirar kalma ba. Manhaja ma ai wani ne ya fara sa ta, ga shi ta zauna.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Na ɗauki "ganawar gwajin aiki" da "ganawar share fage". Algoridim zan bar ta, a karon farko in bi ta da "wato matakan warware matsala daki-daki". Namiji zan ɗauke ta ko mace?

Injiniya: Masu aikin "algoridim ɗin nan ya fi sauri" suke cewa.

Malamin Hausa: Namiji, tunda kun nace. Ban janye dakidaki ba. Ki sa ta a jerin kalmomin ƙarshen jagorar, ko da layi ɗaya ne.