Lambobin yabon kakanmu, likitan soja: me suke nufi?

Rabi'u Bagalam:
Assalamu alaikum. Bayan rasuwar kakarmu a watan jiya, mun buɗe akwatin ƙarfen da take ajiyewa a ƙarƙashin gado, muka tarar da lambobin yabo guda uku na marigayi mijinta, naɗe cikin tsohon rawani. Duk unguwa Lokotoro ake kiransa, kuma mun taso muna jin cewa likita ne a sojan Faransa kafin samun ƴancin kai. Ta farko ƙyallenta rawaya ne mai kore a gefe. Ta biyu tana da takubba biyu a gicciye, ƙyallenta shuɗi ne da ja a gefe, an maƙala masa ɗan tauraron tagulla. Ta uku shuɗiya ce mai ratsin fari, da ɗan ƙarfe mai rubutun "Extrême-Orient". Ina roƙon masana su fayyace mini inda ya yi aiki da muƙamin da ya kai.

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansu da rahama. Ta ukun ita ce Médaille coloniale, wadda aka ƙirƙiro a 1893, kuma ƙarfen da ke kanta shi ne ke faɗin fagen da mutum ya je. Naku, mai nufin Gabas Mai Nisa, yana nuna yaƙin Indoshin (yankin Vietnam, Laos da Kambodiya na yanzu) na 1946 zuwa 1954. Ta biyu Croix de guerre ce ta yaƙe-yaƙen ƙetare, wadda ba a bayar da ita don zuwa fage kawai, sai an ambaci sunan soja cikin takardar yabo saboda wata bajinta, kuma tauraron tagullar shaidar wannan ambato ne. Ta farkon ce za ta amsa maka batun muƙami. Médaille militaire ce, wadda ake ba ƙananan sojoji da masu igiya irin su sarjan da ajidan, ba a ba hafsoshi sai manyan janar-janar da suka jagoranci yaƙi. Saboda haka na fi kyautata zaton kakanku anfirme ne, wato ma'aikacin jinya, domin likitocin rundunar mulkin mallaka hafsoshi ne, yawancinsu Turawa da aka horar a makarantar Pharo ta birnin Marsai. Makarantar likitanci ta Dakar da aka buɗe a 1918 mataimaka ta riƙa yayewa.

Baba Ajidan mai ritaya:
Ɗana Rabi'u, kada wannan bayani ya rage maka darajar kakanka. Na yi aikin jinya a soja har na ajiye kaki, kuma na san cewa anfirme ne yake fara isa wurin wanda aka harba, ya ɗaure jijiya, ya tsayar da jini, ya ɗora shi bisa makara ana ruwan harsashi, tun kafin likita ya gan shi. A ƙasa mai dausayi da sauro irin Indoshin, shi ne kuma mai fama da masassara da atini kullum. Wanda ya dawo gida yana wanke gyambo yana yi wa yaran unguwa allura, ai dole a kira shi Lokotoro. Roƙona ɗaya: kada ku goge lambobin da toka ko lemun tsami, kuma kada ku wanke ƙyallen.

Hajiya Mariyama, Ɗan Gulbi:
Ƙanena, lamba tana faɗin wuri ne kawai, cikakken tarihin aiki yana cikin ɗan littafin soja da ake ba kowa, mai ɗauke da lambar shigarsa, ranar ɗauka, bataliya da ƙarin girma. Idan ya ɓata, ka fara da ofishin ƴan mazan jiya da ke Yamai, sannan ka rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a Faransa. Ka duba takardun fansho ma, domin Faransa ta daskarar da fanshon sojojin Afirka da dokar 1959, ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai 2011, kuma iyalai da yawa sun adana wasiƙun koke na waɗannan shekaru.

Rabi'u Bagalam:
Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka. Gwaggona ta ce akwai wani ɗan littafi mai bangon kaki a wurin kawunmu a Tibiri, gobe da safe zan je in karɓo shi in Allah ya yarda.