Taura biyu ba ta taunuwa: wai kawu ya ce in nemi labarin Janar Lafayet

Autan gida: Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare aka yaɓa min wata magana har yanzu tana ci na. Yayyena biyu ke rigima kan gonar gado, ni kuma kullum ina tsakani, in ba wannan haƙuri in koma in ba wancan, to jiya sai suka haɗe min kai wai ni ke kai gulma. Kawunmu, tsohon malamin makaranta ne a Maraɗi, ya dube ni ya ce taura biyu ba ta taunuwa, je ka nemi labarin Janar Lafayet na Faransa. Ni dai a sanina mai kwaɗayi ake gaya wa haka, to ni me na ci?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam ƙanena. Kawu ya san abin da yake faɗa, mu ma an karanta mana shi a aji. Ɗan sarauta ne mai dukiya, an haife shi 1757, yana ɗan shekara 19 ya sayi jirgin ruwa da kuɗinsa ya tafi Amurka taya su yaƙin neman 'yanci da Ingila, har harsashi ya same shi a ƙafa. Da juyin juya hali ya ɓarke a gida 1789, washegarin fasa kurkukun Bastil aka ɗora shi kan dakarun tsaron Paris. Shi so yake talaka ya samu haƙƙinsa kuma sarki Luwi na 16 ya zauna kan gadonsa a ƙarƙashin tsarin mulki. Ko alamar da dakarunsa ke maƙalawa a hula haɗi ce, farin sarki da ja da shuɗin birnin Paris. Ka ga taura biyu a hula ɗaya kenan.

Malam na Zariya: Ni ban yarda maganar ta hau shi ba. Mai tauna taura biyu zaƙi yake nema wa bakinsa. Wannan kuwa Napoleon, wanda ya karɓe mulkin Faransa bayan juyin juya halin, ya yi masa tayin muƙami ya ƙi karɓa, 1802 ma ya kaɗa ƙuri'ar ƙin a ba Napoleon mulki har mutuwa. Ina kwaɗayin yake?

Ɗan Damagaram: Malam akwai kwaɗayin yabo ai, ba sai na aljihu ba. Oktoban 1789 da matan Paris suka tako a ƙafa har fadar Versailles saboda tsadar burodi, shi ya fito da sarauniya gaban taro ya sumbaci hannunta mutane suka lafa. Ranar ya ci riba. Amma da sarki ya sulale ya gudu a Yunin 1791 aka kamo shi a Varennes, sai aka ce kai da ke gadinsa ina kake? Wata guda bayan nan, 17 ga Yuli, dakarunsa suka buɗe wuta kan masu neman a tsige sarki a filin Champ de Mars, mutane da dama suka mutu. Daga nan talaka ya tsane shi, fada kuma dama ba ta taɓa yarda da shi ba. Agustan 1792 aka ce maci amana ne, ya tsallaka iyaka, sojojin Ostiriya suka cafke shi a matsayin ɗan juyin juya hali, shekara 5 yana ɗaure.

Mai shayin kwana: Hhh da a nan ne ai da tuni ya sauya sheƙa sau uku. Namu ba biyu suke taunawa ba, kwando guda suke juyewa a baki, da safe hular wannan jam'iyya da yamma ta waccan, kuma haƙori ko ɗaya bai taɓa karyewa ba.

Hajiya Babba: Ku tsaya in ba ku na kakata, Allah ya jiƙanta, don a bakinta na fara jin maganar nan kuma ita aka gaya wa. Ita ce ta uku a gidan mijinta, ta tarar uwargida da ta biyu ko gaisuwa ba sa yi, randa ma kowa da tata. Ita kuwa yarinya ce, in uwargida ta haihu ita ke dafa ruwan wanka, in ta biyu ba lafiya ita ke karɓar mata daka. Sai uwargida ta kira ta ɗaki wata rana ta ɗauko taura biyu daga cikin faifai ta ce buɗe bakinki, ta tura mata duka biyun ta ce tauna in gani. Kakata ta ce muƙamuƙinta ya ƙage, yawu na zuba, hawaye na zuba, ta kasa ko rufe baki. Uwargida ta ce to zaɓi ɗaya. Ba ta zaɓa ba wallahi. Shekara da shekaru ba ta da ƙawa a gidan nan, kowacce na mata kallon 'yar leƙen asirin ɗayar, in an yi rabon kayan sallah nata ne ƙarshe. Amma ranar da ciwon ajali ya kama uwargida ita ta aika a kira, a cinyarta ta cika, kuma ita ta bar wa riƙon autarta. Kakata in ta ba mu labarin nan sai ta ce ai ba a baki ta sa su ba, a hannu ta riƙe, hannu kuwa biyu Allah ya ba mutum.

Malam na Zariya: Allah ya jiƙan kaka, Hajiya. Kin tuna min da matar Janar ɗin ma, Adrienne. An sare kan uwarta da kakarta da 'yar uwarta a 1794, da aka sake ta sai ta kwashi 'ya'yanta mata biyu ta bi mijin har kurkukun Olmütz suka zauna tare sai 1797.

Ɗan Damagaram: Amma Hajiya ke kaka ba wanda ya mutu a dalilin tsakaninta. Shi fa an zubar da jini. Kuma bai daddara ba, 1830 yana tsoho ɗan shekara 72 aka sake kore sarki, jama'a na kallon bakinsa, sai ya rungume Luwi Filip, wani ɗan gidan sarauta, a gaban taro da tuta a hannu aka naɗa shi sabon sarki, daga baya shi da kansa ya koma yana sukar gwamnatin.

Mai shayin kwana: Rungumar da aka yi gaban taro ai mun san ƙarshenta, muna gani duk bayan shekara huɗu.

'Yar Katsina: Mu a gidanmu mai son yin boko da kasuwa lokaci ɗaya ake gaya wa, ban taɓa jin an gaya wa mai sulhu ba. Af, wai har yanzu ana samun taura a kasuwa kuwa? Rabona da ita tun muna firamare.

Autan gida: Hajiya labarin kaka ya sa ni hawaye wallahi. Ni dai ba zan iya zaɓa ba, nono ɗaya muka sha da su. Yanzu ma babban yaya ke kira na a waya, bari in ɗauka.