Me tsohon sojan gidanku ya bari a akwati?

Jikan Ɗan Bama (Zuru): Assalamu alaikum jama'a. Ruwan makon jiya ya ci bangon ɗakin marigayi kakanmu, muna kwashe kaya sai ga akwatinsa na ƙarfe. A ciki akwai lamba mai siffar tauraro, ƙyallenta ya koɗe, da takardar sallama ta 1946 wadda gara ta ci gefenta, da wata gajeruwar adda. Kaka ya je yaƙin Bama amma bai riƙe bindiga ba. Yana cikin 'yan dakon Runduna ta 81, masu ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin dajin Kaladan, inda mota ba ta shiga. Jirgin sama ya jefo kaya, su tsinto, su ɗora a gammo. Muna yara mukan tsokane shi da "sojan dako", sai ya ɗage wando ya nuna mana ƙwaurinsa, duk tabon matsattsaku. Ya ce da wutar taba suke cire su. A Zuru gidan da babu soja sai an tona, amma labarinsu yana bin su kabari. Ku fa, me naku suka bari?

Ɗiyar Sarkin Jirgi (Yawuri): Wa alaikumus salam. Babanmu bai bar komai a akwati ba, kakin ma kyautar da shi ya yi. Yana cikin Runduna ta 2 ta Murtala, waɗanda aka tura su haye Kwara daga Asaba zuwa Anacha a watan Oktoba na 1967, lokacin yaƙin basasa. Sau ɗaya tak ya ba mu labarin, ranar da aka tsamo wani yaro a bakin kogi. Ya ce da wuta ta kama jirginsu kowa ya faɗa ruwa da takalmi da jigidar harsashi. Shi ɗan ruwa ne, ya tuɓe a ƙarƙashi ya fito. Abokinsa ɗan tudu ne, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Ya riƙo shi ta wuyan riga har suka yi nisa, can sai ya ji rigar kawai a hannunsa. Mutumin da aka haifa a gidan masunta, har ya rasu bai sake taka kwale-kwale ba, ko biki ne a tsallake sai dai a kai gaisuwarsa. Kisan da sojoji suka yi wa mutanen garin Asaba kuwa, ko an tambaye shi sai ya tashi ya ɗauki buta.

Malamin Firamare (Argungu): Allah ya jiƙansu. Namu ya dawo lafiya, ya ƙare a gadin makaranta da tsohon kakinsa na 'yan mazan jiya. Ko ɗan aji ɗaya ya gaishe shi sai ya ƙame.

Ta Ƙaura (Ƙauran Namoda): Ku naku sun dawo. Mijin innarmu na hwari jirgi yash shiga nan tashar Ƙaura, anka ce Zariya za a kai su horo. Wata bakwai da aure. Wasiƙa biyu yay yo, ta biyun da hoto nai da hular ƙarhe, daga nan shiru. Da anka gama yaƙi a Janairun 1970, duk ranar da jirgi ka isowa sai ta ɗauki tallan hura ta tai tasha, don kar a ce jiran miji takai. Ba gawa, ba takarda, ba wanda yac ce ya ga inda yaf faɗi. Ba ta san ko ta yi takaba ko ta dakata ba, sai da alƙali yar raba gardama kana ta auri babanmu. Hoton na nan ƙasan kwallarta, kuma Baba ya san da shi, bai taɓa cewa uffan ba.

Tsohon Kofur (Birnin Kabi): Ɗana na Zuru, wannan Tauraron Bama ne, kada wani ya ruɗe ka da 'yan kuɗi ka sayar. Ni na Laberiya na gani. Da mu aka sauka tashar jirgin ruwa ta Monrobiya a Agustan 1990, ana mana ruwan wuta tun ba mu taka ƙasa ba. Waɗanda ke harbinmu wasu ba su kai ɗan autana ba, bindiga ta fi su tsawo. Wannan ne ke hana ni barci, ba ƙarar igwa ba. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ina kallon ana ajiye furanni ana sakin tattabaru, ban ce kada a yi ba. Amma na taɓa ɗauko wani maigidana, tsohon saje mai shanyewar ɓarin jiki, muka kwana a hanya domin a tantance shi a wani ofishi. Yaron da ke kan tebur, sa'ar jikansa, ya ce ya kawo shaidar cewa yana raye. Saje na kwance kan tabarma a gabansa.

Ɗiyar Sarkin Jirgi: Baba Kofur, an biya shi daga baya?

Tsohon Kofur: An biya, 'yata. Da kuɗin aka yi sadakar bakwai.

Jikan Ɗan Bama: Inna lillahi. Na gode, Baba, lambar tana hannun yayanmu yanzu, takardar kuma zan kai a manne ta cikin leda. Addar ce aka hana ni. Goggo ta ce da ita Kaka ya sare dajin gonar surukinsa lokacin golmo, wato noman neman aure, kafin a ba shi kakarmu. Ta kai ta ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado.