Taƙaitawar muhawararmu kan zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoba 2025

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar maganar nan:

1. Sakamakon da Majalisar Tsarin Mulki ta bayar, Shugaba Paul Biya kashi 53.66, Issa Tchiroma 35.19, mafi yawanmu ba su gamsu da shi ba, musamman mutanen Garwa, garin Tchiroma. Ƙalilan suka ce a rungumi ƙaddara.

2. Haɗaka: nan aka fi ja-in-ja. Wasu sun ce da Tchiroma da Bello Bouba, 'yan takarar arewacin Kamaru, sun tsaya inuwa ɗaya, da arewa ta yi magana da murya guda. Wasu suka ce ai dukansu sun daɗe suna minista a gwamnatin Biya, haɗuwarsu ta kujera ce kawai. Ni dai na fi karkata ga na farkon.

3. Kusan kowa na son zaɓe mai zagaye biyu, kamar yadda dokar Cadi ta tanada.

4. A yi amfani da takardar ƙuri'a ɗaya mai ɗauke da duk 'yan takara, don rage sayen ƙuri'a.

5. Hukumar zaɓe ELECAM ta riƙa wallafa sakamakon kowace rumfa.

6. Rage shekarun zaɓe daga 20 zuwa 18: matasa sun so, dattawa biyu suka ƙi.